Rantsuwar da Sarkin Masko Ya Ƙi Yi

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

Akwai wata magana da ke yawo tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, kuma ta ishe ni. Wai Yukren da kanta ta yi wa Rasha mubaya'a tun 1654, saboda haka abin da ake yi yau gyaran zumunci ne. Shugaba Putin ma, a hirarsa da ɗan jaridar Amurka Tucker Carlson a Fabrairun 2024, sai da ya miƙa masa kwafin wasiƙun Bohdan Khmelnytsky, shugaban 'yan Kosak na Yukren da ya yi mubaya'ar, a matsayin hujja. Mutanenmu suka ɗauka suna ta maimaitawa a majalisa da Facebook, alhali da yawansu ba su taɓa tambayar abin da ya faru a ranar mubaya'ar ba.

'Yan Kosak mayaƙa ne na bakin kogin Dnipro da kogin Don. Da yawansu gudu suka yi daga bautar gonakin masu ƙasa, kuma su ke zaɓen shugabansu da kansu. A 1648 Khmelnytsky, wanda wani jami'in Polan ya ƙwace wa gandu a Subotiv, ya ɗaga tutar bore. Ya haɗa kai da Tatar na Kirimiya, waɗanda Musulmi ne, suka tarwatsa rundunar Polan a Zhovti Vody da Korsun. Da yaƙi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Tatar kuma suka riƙa zame jiki a tsakiyar fama, sai ya juya wajen Masko. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

To ku saurari wannan da kyau. Watan Janairun 1654, a garin Pereyaslav, an shiga coci za a yi rantsuwa. Khmelnytsky ya dubi jakadan Masko, Vasily Buturlin, ya buƙaci shi ma ya rantse a madadin Sarkin Masko Aleksei cewa za a kare su daga Polan, ba kuma za a taɓa 'yancinsu ba. Haka 'yan Kosak suka saba da sarakunan Polan: ka rantse, in rantse. Buturlin ya ƙi. Ya ce sarkinsa ba ya rantse wa talakawansa, maganarsa kawai ta isa. Khmelnytsky ya fice daga cocin, ya bar jakada da limamai a tsaye, ya je shawara da kwamandojinsa. Daga baya suka dawo suka rantse, domin abokan gaba na bakin ƙofa.

Gefe ɗaya ya rantse, gefe ɗaya ya ƙi! Wannan ake kira haɗuwar 'yan uwa?

In da haɗuwar zuciya ce, me ya sa bayan shekara huɗu kacal, a 1658, magajin Khmelnytsky, Ivan Vyhovsky, ya ƙulla yarjejeniya da Polan a Hadiach, a 1659 kuma ya karya rundunar Masko a Konotop? A 1667 Masko da Polan suka zauna a Andrusovo suka raba ƙasar Kosak biyu, kogin Dnipro ne iyaka, masu ƙasar ba su da ta cewa. A 1708, da shugaban Kosak Ivan Mazepa ya koma ɓangaren Suwidin, sojojin Sarki Peter na Rasha suka ƙone babban birninsa Baturyn, suka karkashe mutanen ciki. A 1764 Sarauniya Catherine ta Rasha ta soke sarautar Hetman, wato shugabancin 'yan Kosak. A 1775 ta sa aka rushe sansanin 'yan Kosak na Zaporozhian Sich. Wanda ya ƙi rantsuwa tun ranar farko, wane alkawari za a ce ya karya?

Na san za a ce ai Rasha da Yukren addininsu ɗaya, tushensu ɗaya. Wannan ba hujja ba ce. Stenka Razin ɗan Kosak ne na Don, addininsa ɗaya da na sarki, amma da ya tayar da talakawan kogin Volga sai aka daddatsa shi a Masko a 1671. Yemelyan Pugachev ma haka, an sare kansa a 1775, har Catherine ta sauya wa kogin Yaik suna ya koma Ural don a manta inda boren ya taso. Addini ɗaya bai ceci kowa ba.

Ba cewa nake 'yan Kosak waliyyai ne ba. Mayaƙan Khmelnytsky sun yi wa Yahudawa kisan gilla a Nemyriv da Tulchyn a 1648, abokansa Tatar kuma sun kwashi manoman Yukren sun sayar a kasuwar bayi. Wannan jini yana wuyansa, kuma ban yarda da masu son a binne shi ba. Sai dai laifinsa bai mayar da ƙin rantsuwar Buturlin ya zama rantsuwa ba.

Tarayyar Sobiyet ta san darajar wannan tatsuniya. A 1954 ta yi gagarumin bikin cika shekara 300 da abin da ta kira sake haɗewa, a shekarar ce kuma aka miƙa Kirimiya ga Yukren. Su kuwa 'yan Yukren nasu karatun daban ne. Taken ƙasarsu yana ƙarewa da cewa su jinin Kosak ne. Fuskar Khmelnytsky na kan kuɗinsu na hryvnia 5, ta Mazepa, wanda cocin Rasha ya tsine wa, na kan hryvnia 10. Garin nan da aka yi rantsuwar, Sobiyet ta liƙa masa sunan Khmelnytsky a 1943 don tuna mubaya'a. A 2019 majalisar dokokin Yukren ta cire sunan, gari ya koma Pereyaslav kamar yadda yake a da.