Gumakan Girka na Zinariya da Hauren Giwa: Lacca

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai da sauran mahalarta, ina godiya da wannan dama da aka ba ni.

Duk wanda ya ga hotunan gumakan tsohuwar Girka zai ɗauka cewa farin dutsen marmara ne kaɗai sana'ar masassaƙansu, amma gumakan da Girkawan kansu suka fi girmamawa haɗin gambiza ne: katako daga ciki, hauren giwa a matsayin fatar jiki, zinariya kuma a matsayin tufafi. Abin da nake so mu duba shi ne yadda wannan haɗin ya ɗaukaka su, kuma shi ne ya yi ajalinsu.

Mu fara da Fidiyas, masassaƙin birnin Atina. A shekara ta 438 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kammala gunkin Atena, allahiyar birnin, da ya yi a cikin haikalin Fartenon, mai tsayin kusan mita 12. Da farko an kafa ƙashin katako kamar yadda magini ke kafa ginshiƙi, sannan aka yanka hauren giwa falle-falle aka lulluɓe fuska da hannuwa da ƙafafu, aka kuma ƙera rigar da faranta na zinariya waɗanda nauyinsu ya haura tan ɗaya. An ɗaura zinariyar ne yadda za a iya kwance ta, har Ferikilis, jagoran Atina, ya lissafa ta cikin ajiyar da gari zai iya taɓawa idan yaƙi ya matsa, da sharaɗin a mayar daga baya. Wato gunkin abin bauta ne a wajensu, kuma baitulmali ne. Kimanin shekara 140 bayan haka wani mai mulkin kama-karya, Lakaris, ya kwashe zinariyar ya biya sojojinsa.

Daga nan Fidiyas ya tafi Olimfiya ya yi gunkin Zeyus zaune a kan karaga, wanda aka lissafa cikin abubuwan al'ajabi bakwai na duniyar da. Masanin labarin ƙasa Sitirabo ya ce girmansa ya kai yadda da zai miƙe tsaye, da ya ɗage rufin haikalin. A nan nake so ku lura da wahalar kula da irin wannan aiki, domin hauren giwa da katako ba sa jure sauyin yanayi: suna kumbura da raɓa, suna tsagewa da bushewa. Matafiyi Fosaniyas ya ba da labarin cewa a Olimfiya, inda ƙasa ke da dausayi, man zaitun ake amfani da shi wajen kare hauren, a Atina kuwa, inda tudu yake a bushe, ruwa ake ajiyewa a gaban gunkin. Wani marubucin barkwanci, Lusiyan, ma ya yi wa irin waɗannan gumaka ba'a cewa idan ka leƙa cikinsu, gungume da ƙusoshi da ɓeraye za ka tarar.

Tsakanin 1954 da 1958 masu tonon tarihi na Jamus sun gano ma'aikatar Fidiyas a Olimfiya. Sun samu ɓarɓashin haure, da kayan aiki, da mazubai na yumɓu, da wani ɗan kofi baƙi da aka rubuta a gindinsa cewa na Fidiyas ne. Ni dai wannan kofin ya fi burge ni, domin gunkin Zeus, shi ma mai kusan mita 12, ya shafe babu ko ƙyallinsa, amma abin shan ruwan maigidan yana nan.

Inda kuɗi bai kai ba, sai a yi jiki da katako, a sa kai da hannuwa da ƙafafu na marmara, kamar gunkin Atena na garin Filatiya. Na tagulla ma ba tagulla zalla ba ne. Gumakan wasu mayaƙa biyu da aka tsamo daga teku kusa da Riyace a kudancin Italiya a 1972 suna da leɓuna na jan ƙarfe da idanu na dutse, ɗayansu kuma haƙoransa na azurfa ne. Teku ce ta ɓoye su daga maƙera masu narkar da tagulla.

Na zinariya da haure kuwa, abin da ya fi muhimmanci a hannunmu shi ne gutsattsarin da aka tono a Delfi, wani wurin ibada na tsohuwar Girka, a 1939, cikin ramin da aka binne su bayan gobara, haurensu ya yi baƙi ƙirin saboda wuta. Suna nan a gidan tarihi na Delfi, an haɗa su domin mai kallo ya gane siffar fuskokin. Yanzu sai mu karɓi tambayoyi.