Ranar Da Aka Fara Tambayar Sarki Dalili

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A ƙasar Faransa, shekara ɗari uku da suka wuce, akwai wata 'yar takarda da ko ambatonta aka yi sai gaban mutum ya faɗi. Wasiƙa ce gajera, ɗauke da sa hannun sarki da na ministansa, an liƙe ta da hatimi. Idan sunanka ne a ciki, sai dai ka ga dakaru a ƙofar gida. Babu tuhuma, babu alƙali, babu ranar fita. Marubucin nan Voltaire ya shafe wata 11 a kurkukun Bastil ta birnin Paris daga 1717, saboda baitocin zambo da aka ce ya yi wa mai riƙon sarauta. Wanda duk ya nemi jin dalili, amsar ɗaya ce: haka fada ta ga dama. Sarakunan Turai na wancan zamani cewa suke Allah ne ya ɗora su, don haka babu ɗan Adam ɗin da ya isa ya tuhume su.

Wani likita ɗan Ingila, John Locke, na cikin waɗanda suka sare wannan hujja tun daga tushe. Ya gudu Holan a 1683 don tsira da ransa, ya komo a 1689 bayan an kori Sarki James na Biyu, kuma a shekarar littafinsa kan mulki ya fito. Shi ba mai musun addini ba ne. Da addinin ma ya kafa hujja. Ya ce tunda Mahalicci ɗaya ya yi mu, babu wanda aka haifa da rawani, babu wanda aka haifa da igiya a wuya. Rai da 'yanci da dukiyar mutum nasa ne tun kafin a kafa gwamnati, kuma mutane sun yarda da gwamnati ne don ta tsare musu su. Idan ta ci amana, suna da hurumin sauya ta.

To, cewa mulki amana ne ba baƙuwar magana ba ce a kunnenmu, mun sha jin ta a bakin malamanmu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tambayar da waɗannan mutane suka nace a kai: idan mai riƙe da amanar ya ƙi ji, wa zai taka masa birki? Nan wani alƙali daga birnin Bordeaux, Montesquieu, ya shigo a 1748. Ya lura duk wanda ya sami iko yakan so ya zarce da shi, don haka kada a dogara da kirkin mai mulki, domin kirki yakan ƙare. A raba ikon: masu yin doka daban, masu zartarwa daban, masu shari'a daban. In hannu ɗaya ya rubuta doka, ya kama ka da ita, ya yanke maka hukunci, an ba kura ajiyar nama ke nan.

Daga takarda sai magana ta fito fili. Ranar 4 ga Yulin 1776 Amurkawa suka shelanta ɓallewa daga Birtaniya da hujjoji irin na Locke, a 1787 suka rubuta tsarin mulki da rabon iko irin na Montesquieu. A Yulin 1789 jama'ar Paris suka fasa Bastil, a watan Agusta majalisa ta ayyana haƙƙoƙin ɗan Adam, ciki har da cewa ba a kama kowa sai bisa doka.

Sai dai mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, kuma wannan ɓangaren yana ci mini rai. Locke ya zuba jari a kamfanin da ke safarar bayi daga Afirka. Thomas Jefferson, wanda ya rubuta cikin shelar Amurka ta 1776 cewa an halicci mutane daidai, ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa. Olympe de Gouges, marubuciya 'yar Faransa wadda ta ce a sa mata cikin lissafin haƙƙoƙin, an sare mata kai a 1793.

Amma magana zarar bunu ce. A gonakin rake na yankin da yau ake kira Haiti, inda Faransa ta tara bayi kusan rabin miliyan, labarin shelar Paris ya isa kunnen mutanen da ba su aka nufa ba. Suka riƙe ta hannu bibbiyu. A Agustan 1791 suka tashi, suka gwabza da sojojin Faransa da na Birtaniya da na Sifen, ranar 1 ga Janairun 1804 suka kafa ƙasarsu. A ganina su ne suka fi kowa gaskata maganar, kuma sun biya da tsada: a 1825 Faransa ta ɗora musu diyyar faran miliyan 150, wai ta rama wa iyayengijin da suka yi asarar bayi.

Zaren bai tsinke ba. Ya bi ta shelar haƙƙoƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 10 ga Disamban 1948, ya iso babi na huɗu na tsarin mulkin Najeriya na 1999. Ku ɗauki misalin wata uwa da ke zaune a kan benci a ƙofar caji ofis, da kwanon abinci a ɗaure cikin ɗankwali, kwana biyar tana jiran a faɗa mata laifin ɗanta. Sashe na 35 saboda irinta aka rubuta shi. Ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin sa'a 24, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Idan an tsare shi ba bisa doka ba, yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Uwar nan tana da ikon miƙewa ta nemi a nuna mata dalili, kuma doka ta wajabta a sanar da ɗanta wannan dalili.