Littafin Baba na Kantin Kwari da kwamfutar kantunanmu na Manchesta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaba, malamanmu, iyayenmu mata, yayyena da ƙannena, da yaranmu da aka jera can baya, sannunku da zuwa, musamman waɗanda suka taso tun daga Bradford da Liverpool cikin wannan ruwan. Allah ya saka da alheri. Sakatare ya ce in yi magana akan aikin da nake yi, wato aikin tsarin sarrafa bayanai na kasuwanci, saboda iyaye da yawa suna tare ni suna tambaya wai me yaro zai karanta ya samu irinsa, toh gaskiya na ji daɗin wannan dama don maganar ta daɗe tana cina.

Zan fara daga gida. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar atamfa da shadda ne a Kantin Kwari, kuma yana da wani littafi mai baƙin bango da yake ɗaure shi da roba, biro biyu ne a ciki, ja na bashi, shuɗi na wanda ya biya. Kullum bayan isha'i sai ya shimfiɗa tabarma ya sa ni riƙe fitila yana bin layi da yatsa, dila nawa aka kwance yau, turmi nawa ya fita, wane zane ne ya kwana wata biyu ba wanda ya taya. Daga littafin nan yake sanin cewa mutanen Maraɗi suna shigowa tun kafin azumi ya raba, yake sanin wanda in an ba shi kaya zai dawo da kuɗi da wanda sai an bi shi har gida. Lokacin ban san sunan abin ba, sai da na zo ƙasar nan ta Birtaniya na zauna a aji na ji ana bayanin tsarin sarrafa bayanai na kasuwanci, na ce ai wannan littafin Baba ne. Akwai mai rubutawa, akwai ƙa'idar rubutun, akwai bayanin, sannan akwai hukuncin da maigida zai yanke da safe saboda abinda ya gani da dare. Kwamfuta abinda ta ƙara shi ne sauri da yawa, amma tambayar Baba ce har yanzu, me nake so kasuwar nan ta zama, kuma me ya kamata in sani kafin in kai can.

Ku duba kantunan Tesco da dukkanmu muke shiga. A 1995 suka fito da Clubcard, mutane suna ganin ai katin rangwame ne kawai, alhali su abinda suke nema shi ne su san wa yake sayen me, yaushe, tare da me. A 1995 ɗin nan suka wuce kantunan Sainsbury's suka zama na ɗaya a kasuwar kayan masarufi ta ƙasar nan. Shi ya sa in azumi ya gabato zaka ga reshen da ke unguwar musulmi ya cika da dabino da manyan buhunan shinkafa da garin fulawa, wani reshen kuma a ƙauyen turawa ko alama babu. Ba duba suke yi ba, lissafin abinda muka saya bara ne yake gaya musu.

Toh mu fa? Muna da masu kantin kayan abincin gida, muna da masu tura kaya Kano da Yamai da Accra, muna da masu tasi, muna da mata masu dafa abincin biki da suna, wasu sun fara kamfanin kula da tsofaffi. Watannin baya wani yayanmu, ba zan kama suna ba yana nan zaune, ya kira ni kantinsa yace ciniki yana yi sosai amma ƙarshen wata baya ganin kuɗi. Muka zauna bayan ya rufe, ya ɗauko min leda cike da rasit, wasu sun goge saboda irin takardar nan ce mai gogewa in ta ji zafi, ga na'urar karɓar kuɗi mai kyau ya saya da tsada amma komai yaron kanti ya sayar maɓalli ɗaya yake dannawa, wato doya da manja da kuka da katin waya duk sunansu ɗaya a cikin na'ura. Sati uku muka yi muna ba kowane kaya sunansa da kuɗin sarinsa a Excel, manhajar nan ta jera lissafi, ba wata manhaja mai tsada ba. Abinda ya fito ya ba shi mamaki, kayan da yake alfahari da su, doya da ayaba, kusan ba riba saboda ruɓewa da kuɗin dako, ribarsa tana cikin ƙananan abubuwa, daddawa da yaji da busasshen kifi da yake ajiyewa can ƙasan kanta inda sai ka sunkuya zaka gani. Ya ɗaga su sama, ya rage odar doya zuwa abinda zai ƙare a sati. Na'urar tana nan tun farko, abinda babu shi ne wanda zai zauna ya tambaye ta abinda ya dace. Wannan zaman da muka yi, wallahi shi ne aikin da ake biyana albashi akai a kamfani, sai dai can rumbunan ajiya ne da manyan motoci maimakon kanta ɗaya.

Kuma ko mutum baya so hukuma ta riga ta yanke. Tun Afrilun 2022 duk mai rajistar harajin VAT dole ya ajiye lissafinsa a manhaja ya tura wa hukumar haraji ta HMRC ta nan. Daga Afrilun 2026 abin ya shafi masu aikin kansu da masu ba da hayar gida da kuɗin shigarsu ya haura fam 50,000 a shekara, Afrilun 2027 ya sauko 30,000, kuma duk wata uku za a riƙa tura bayani ba sau ɗaya a shekara ba. Ku lura, kuɗin da ya shigo ake dubawa ba riba ba, don haka masu tasi da yawa a ɗakin nan abin zai taɓa su. Zamanin kai wa akanta ledar rasit a watan Janairu ya kusa ƙarewa, dan Allah kowa ya je ya zauna da akantansa tun yanzu.

Yanzu ina so ku ba ni hankalinku, don kar wani ya fita daga nan yana ganin duk abinda kwamfuta ta faɗa gaskiya ne. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar nan ta fara saka wani tsarin lissafi mai suna Horizon a rassanta, kamfanin ICL mallakar Fujitsu ne ya gina shi. Masu riƙe da ƙananan rassan nan mutane ne irinmu, masu kanti a unguwa, da yawansu ma 'yan asalin Indiya da Pakistan ne da suka zuba duk abinda suka tara. Sai na'ura ta fara nuna musu giɓi, yau fam ɗari, gobe dubu, mutum ya ƙirga kuɗinsa sau goma daidai suke amma allo yace akwai saura, kuma yarjejeniyar da suka sa wa hannu ta ɗora musu biyan giɓin. Wasu suka ci bashi, wasu suka sayar da gida, in suka kira neman taimako sai a nuna musu ai su kaɗai ne ke da wannan matsala. Tsakanin 1999 da 2015 mutum sama da 900 aka yanke wa hukunci akan sata ko maguɗin lissafi. Wata daga cikinsu, Seema Misra, tana da juna biyu aka kai ta kurkuku a 2010. Ku tsaya ku auna wannan, mace da ciki, a gidan yari, akan kuɗin da bata taɓa ba, ga kunyar unguwa, ga 'ya'ya a makaranta ana nuna su. Akwai waɗanda suka rasu ba a wanke su ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wani tsohon mai riƙe da reshe, Alan Bates, ya tara mutum 555 suka kai ƙara, a 2019 babbar kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakurai masu iya haifar da giɓin ƙarya, kuma ya fito fili cewa ma'aikatan kamfanin Fujitsu suna iya shiga lissafin reshe daga nesa, abinda aka daɗe ana musantawa. Sai 2024 majalisa ta yi doka ta soke mafi yawan hukunce-hukuncen a lokaci guda. Shekara 25 kenan daga farawa.

Ni abinda ya fi tsaya min a rai, kowace manhaja a duniya tana da kuskure, wannan duk wanda ke aikin ya sani, ba nan laifin yake ba. Laifin shi ne an ƙirƙiro tsarin don ya taimaki masu rassa da hukumar, sai aka wayi gari kare sunan tsarin ya fi mutanen daraja. Kuma akwai waɗanda suka ga alamu a ciki suka yi shiru. Shi ya sa in iyaye suka tambaye ni wace ƙwarewa ce ta farko, nake cewa amana, kuma ba wa'azi nake ba, sharaɗin aiki ne. Watarana yaronka zai zauna a ɗakin taro, shi ne ƙarami, shi kaɗai ne baƙar fata, ya ga lambobi basu daidaita ba, manya suna so a wuce wurin. Ko zai iya ɗaga hannu yace a dakata? Wannan a gida ake koyonsa.

Sai tsaro. A Afrilun 2025 ɓarayin intanet suka shiga kwamfutocin kantunan Marks & Spencer, kamfanin ya dakatar da odar intanet sama da wata guda, su da kansu suka ƙiyasta asarar kusan fam miliyan 300, kuma ta hanyar yaudarar mutum aka samu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu nan har yanzu akwai mai tura hoton fasfo ɗin kwastoma da adireshinsa a guruf ɗin WhatsApp, akwai wanda kalmar sirrinsa sunan ɗansa ne da shekarar haihuwa. Dokar kare bayanan mutane ta 2018 bata ware ƙaramin kanti ba, in ka riƙe sunan mutum da lambarsa da adireshinsa, nauyi ya hau kanka.

Toh ku yaranmu na baya, ku ɗan ajiye wayar. Ba dole sai kun zama masu rubuta manhaja ba, wannan layi ɗaya ne cikin da yawa. Kamfanoni suna matuƙar neman wanda zai tsaya tsakani, ya je wajen mai rumbun ajiya ko nas ko direba ya saurari matsalarsa har ya fahimta, ya dawo ya bayyana wa masu gina manhaja da yaren da suke ji, sannan in an gama ya koma ya duba ko abin ya magance matsalar ko kuwa ya ƙara wa mutane aiki ne. Dillali kenan a yarenmu, kuma ku da kuka tashi kuna yi wa kakanninku tafinta a asibiti, kuna juya magana daga Hausa zuwa Turanci kuna lura da fuskar kowa, kun riga kun fara koyon aikin baku sani ba. Ku ƙara da Excel har ku ƙware sosai ba sama-sama ba, ku koyi SQL wanda da shi ake yi wa rumbun bayanai tambaya, sannan wani abu irin Power BI na zana sakamako yadda manaja zai gane cikin minti ɗaya. Ku san ɗan lissafin kuɗi, bambancin ciniki da riba, don na ga masu digiri da suka kasa wannan. Ku iya rubuta shafi ɗaya mai ma'ana. Maganar AI, wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta, da kowa ke tsoro, eh tana rubuta abubuwa da sauri kuma ni ma ina amfani da ita kullum, amma tana iya kawo maka amsar ƙarya cikin kwanciyar hankali, wanda ya san kasuwar ne kawai zai kama ta.

Iyaye kuma ina roƙonku da girman Allah, ba likita da lauya da injiniya ne kaɗai aiki ba. Tun 2015 akwai tsarin da yaro zai shiga kamfani yana aiki ana biyansa, yana karatun digiri a lokaci guda, ba bashin makaranta a wuyansa, kuma akwai na fannin fasahar zamani a ciki. Gurbin yana da wuyar samu, ana rububinsa, don haka tun yaro yana shekarar ƙarshe ta kwaleji ya kamata ya fara nema. Kar mu raina shi don an kira shi koyon sana'a. Kuma 'yan matanmu, iyayenmu mata ku ji wannan da kyau, aikin nan da yawansa ana yinsa daga gida wasu ranaku, na yi aiki da mata masu hijabi da suke jagorantar tawaga guda, kar a ce wannan na maza ne. Manya da suka zo da digiri daga gida suna aikin dare a rumbun kaya, ku ma ƙofa a buɗe take, kun san yadda kaya ke shiga da fita fiye da wanda bai taɓa ɗaga kwali ba, takardar shaida ta BCS, wato ƙungiyar ƙwararrun kwamfuta ta ƙasar nan, a fannin nazarin kasuwanci ko kwas a Open University, jami'ar karatu daga gida, zai iya zama tsani.

Ranka ya daɗe, na yi magana da sakatare, in kwamiti ya amince zan riƙa zuwa nan duk Asabar bayan azahar na tsawon sati takwas, awa biyu, kyauta. Awa ta farko ta masu kasuwanci ce, kowa ya zo da rasit ɗinsa na wata ɗaya da laftof in yana da shi, in babu za mu haɗa mutum biyu-biyu. Awa ta biyu ta matasa ce, kuma lissafin kantunan iyayensu za mu yi aiki da shi bayan an cire sunayen kwastomomi, da izinin masu shi. Ina neman mutum biyu da suka iya Excel su taimaka min, mace ɗaya namiji ɗaya, saboda iyayenmu mata su samu wadda za su zauna da ita su sake. Takardar rubuta suna tana kan teburin bakin ƙofa kusa da shayi, a rubuta suna da irin sana'a kawai, lambar waya ni zan karɓa da kaina.

Na gode, wassalamu alaikum.