Amsoshin Tambayoyinku: Dodon Japan Ya Shigo Fada

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka daga nan Damagaram. Yau dodanni ne suka cika mana jakar wasiƙu, sai a gyara zama.

Ta farko daga samarin wata fada ce a unguwar Zango. A fallen kaye suka rubuto ta, har da tabon shayi a gefe. Suka ce: "Malam, mun ga tallar wani sabon katun na ƙaton dodo a salula. Ba a ma nuna fuskarsa ba, sai jela da ruri. Kullum sai mun sake kallo. Me ya sa ake ja mana rai haka?"

To samari, ku ƙara zuba na biyu, don da sauran jira. Katun aikin hannu ne. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa guda. Masu zanen Japan sukan rage zuwa 12 ko 8, amma duk da haka kashi ɗaya mai minti 24 dubban zane yake ci, kafin a zo ga launi, da muryoyi, da kiɗa, da fassara. Ku duba wani katun dodo mai suna Kaiju No. 8: a Agustan 2022 aka yi shelar za a yi shi, sai Afrilun 2024 ya fito. Gamera Rebirth, na ƙaton kunkurun nan, an sanar da shi a Nuwamban 2022, ya hau Netflix a Satumban 2023, kashi 6 kacal.

Ɓoye fuska kuwa da gangan ne. Ku tuna kakanninku in suna tatsuniya da dare. Ai ba sa fara cewa ga kamannin Dodo. Sai dai "aka ji ƙasa na girgiza", kowa ya matso kusa da tabarma. Fim ɗin Godzilla na farko ma haka ya buɗe, da takun ƙafa da ruri, ba a ga komai ba.

Wannan ya kawo mu ga wasiƙar wani mushen lakwal daga Mirya, mai tambayar asalin waɗannan dodanni.

Mushe, Allah ya ƙara basira. Japanawa suna kiran su kaiju, kuma babbansu shi ne Gojira, wanda duniya ta sani da Godzilla. An haɗa sunan ne daga kalmominsu biyu, ta goggon biri da ta ƙaton kifin tekun nan da ya fi giwa girma. Kamfanin Toho ne ya fitar da shi a 1954, Ishiro Honda ya ba da umarni. Ka lura da shekarar. Shekara 9 ke nan da jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Kuma a watan Maris na 1954 ɗin Amurka ta gwada wani bam a tsibirin Bikini, tokarsa ta zubo kan wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23. Duka suka kwanta ciwo, ɗaya ya rasu bayan 'yan watanni, mutane suka shiga tsoron cin kifi. Shi ya sa a labarin gwajin bam ne ya tashi dodon daga ƙarƙashin teku. Waɗanda suka fara kallonsa ba dariya suka je yi ba, garinsu suka ga yana ci da wuta karo na biyu. Mu da ake haƙar yuraniyom a Arlit, ban ga ya kamata mu ɗauki zancen kamar na nesa ba.

Abin da ke burge ni, dodon nan mai tsawon mita 50 mutum ne a cikin riga. Wani ɗan wasa mai suna Haruo Nakajima ne ya sa ta, nauyinta wajen kilo 100, yana tattake ƙananan gidajen da aka ƙera masa, zufa na taruwa a ƙafafunsa. Rurin kuma da safar hannu ta fata aka yi shi: aka shafa mata ƙaro, aka goga a tsirkiyar wani ƙaton gogen Turawa. Yanzu alƙalami da kwamfuta ke yin aikin rigar.

Sai wata uwa daga Sabon Gari: "Ɗana shekararsa 7, yayyensa sun zuga shi, shi ma jira yake. In bar shi ya kalla?"

Hajiya, ba kowane katun ne na yara ba. A Gamera ɗin da na ambata yara ne jaruman labarin, amma dodannin ciki mutane suke ci, kuma ana nuna jini. Ki duba lambar shekaru da ake sa wa a farkon fim, ki fara kallon kashi ɗaya ke kaɗai bayan ya yi barci. In ke kika kau da kai, to shi a kan gadonki zai kwana.

Akwai ƙaramar takarda marar suna: tsakanin Godzilla da King Kong, ƙaton birin nan, wa ke kayar da wani? Ga manyan karawarsu guda biyu. A 1962 birin ne ya fito daga teku yana iyo, aka ba shi. A 2021 Godzilla ya danne shi ya ɗora masa ƙafa a ƙirji. Kunnen doki ke nan, takobi yana hannun alƙalai tukuna.

Mai haɗa sauti yana ɗaga mini hannu ta gilashi. Wasiƙar Magarya sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.