Daren da Wata Ya Tona Asirin 3C 273

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abubuwa huɗu na zo da su yau a kan abin da masana taurari ke saurare da rediyo daga can ƙarshen sama, in Allah ya yarda mu taɓa kowanne.

Na farko, duk wanda ya taɓa murɗa rediyo a gajeren zango yana neman tasha da daddare ya san wannan shuuu ɗin da ke shiga tsakanin tashoshi. A farkon shekarun 1930 kamfanin Bell a Amurka ya sa wani injiniyansa, Karl Jansky, ya binciko abin da ke damun wayar da suke bugawa ta rediyo zuwa ƙetaren teku. Ya haɗa eriya mai juyawa a kan tayoyin mota. Ya ji tsawa ta kusa, ya ji ta nesa, sai kuma wani shuuu na uku da ke dawowa duk bayan awa 23 da minti 56. Ba 24 ba. Wannan minti huɗun da suka ɓace su ne suka faɗa masa cewa abin ba daga rana yake ba, domin da wannan lissafin taurari ke zagayowa. Daga tsakiyar garken taurarinmu sautin ke fitowa. Ya bayyana haka a 1933. Idan na ce garke, ina nufin tarin taurari biliyoyi da ke tafiya tare, kamar wanda ranarmu ke ciki.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka yi ta gano wurare a sama masu ƙarar rediyo. Ɗaya daga cikin mafi ƙarfi, Cygnus A, da masana taurari Baade da Minkowski suka duba shi da babban madubin hangen nesa na Palomar a Amurka, sai ga shi wani garke ne can nesa, tafiyar haske ta shekara ɗaruruwan miliyoyi. Kuma rediyon ba daga cikin garken yake fitowa ba, daga wasu manyan kumbura biyu ne, dama da hagu, kamar jaki da mangala. Wannan shi ne garke mai rediyo. Ku riƙe mangalar nan, za mu dawo mata.

Yanzu ga inda nake so, ku yi mini haƙuri in daɗe. A Kambirij ta Ingila an tattara waɗannan wurare a kundi, na ukunsu ya fito a 1959, shi ya sa ake ce musu 3C da lamba. Matsalar ita ce na'urorin rediyo na lokacin ba sa nuna daidai wuri. Kamar a ce maka ana kiɗa a unguwar nan, amma ba a faɗa maka gidan ba. Ka ɗaga madubi ka duba, taurari fal a wurin, wanne ne a ciki?

Sai wani masanin taurari, Cyril Hazard, ya yi dabara. Ya ce ai wata zai gifta ta gaban mai lamba 273. Mu da muke fita duban jinjirin wata mun san yadda ake bin sa da lissafi, to masana sun san inda gefensa yake a kowane daƙiƙa. Saboda haka ka zauna kana saurare. Daƙiƙar da sautin ya ɗauke, gefen wata ya rufe shi ke nan, ka ja layi. Daƙiƙar da ya dawo, ya fito ta ɗaya gefen, ka sake jan layi. Inda layukan suka haɗu, nan gidan kiɗan yake. Kun ga kyawun abin? Ba a ƙera sabuwar na'ura ba, wata aka ara ya zama murfi. Aka yi wannan a 1962 da farantin sauraren rediyo na Parkes a Ostireliya, mai faɗin mita 64, har sai da aka goge wani ƙarfe a jikinsa don ya ƙara sunkuyawa ya bi abin zuwa ƙasa-ƙasa. Wata fa! Ni duk lokacin da na zo nan sai na ji daɗi, ɗalibaina sun sani.

Aka aika wa Maarten Schmidt wurin, ɗan ƙasar Holan da ke aiki a Kalifoniya. Ya duba, sai ya ga ɗan ɗigo kamar kowane tauraro, da wani siririn zare a gefensa. Ya rarraba haskensa kamar bakan gizo. A nan sai in ce kowane sinadari yana da tsagarsa ta gado a cikin haske, yadda dattijo ke kallon fuskar mutum ya ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare. Schmidt ya ga tsage a hasken nan, amma bai san na wace kabila ba ne. Makonni yana juya su. Ranar 5 ga Fabrairu 1963 ya lura da tazarar da ke tsakaninsu, tana raguwa a jere daidai yadda ta haidurojin take. Haidurojin ce, wadda ta fi komai yawa a sama, sai dai tsagen duka sun matsa wajen ɓangaren ja na bakan gizon da kusan kashi 16 cikin 100. Sarari yana buɗewa, yana miƙe hasken da ke tafiya a cikinsa, kuma yawan miƙewar shi ke nuna nisa. Kashi 16 na nufin wajen shekara biliyan 2 na tafiyar haske. Abokin aikinsa Greenstein ya ɗauko na 3C 48, ya tarar da kashi 37. Aka raɗa musu suna kwezar. Ba kwasa ba, Alhaji, ba a kwashi komai ba. (Dariya)

Na uku... ko na biyu muke? To, ko ma na nawa ne. Abin da za a gani daga wannan nisa da ɗan madubin da mutum zai iya ajiyewa a gida, dole haskensa ya ninka na garkenmu duka sau da yawa. Ga shi kuma haskensa na hawa da sauka cikin watanni, wato ba shi da girma, domin babban abu ba ya canjawa gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. Amsar da Salpeter da Zeldovich suka kawo a 1964, Lynden-Bell ya ƙarfafa a 1969, ita ce baƙin rami, wato wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa, mai nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi. Iskar da ke faɗa masa tana kewaya shi tana gogayya har ta yi zafi ta haskaka, wani kason kuma ya tsere ta sama da ƙasa kamar feshin famfo. Feshin nan shi ke cika mangalar Cygnus A, shi ne kuma zaren da Schmidt ya gani. A 2019 an nuna hoton inuwar irin wannan rami a garken M87, nauyin rana biliyan 6 da rabi.

Saura na ƙarshe, a kan... na'am, Malama, ga hannu can. A miƙa mata abin magana.

(Tambaya: Malam, shin kwezar ɗin nan suna nan har yanzu, ko hasken tsofaffi muke gani?)

Allah ya yi miki albarka, kin kai ni inda ya fi abin da na shirya. Hasken 3C 273 da ya faɗa madubin Schmidt ya taso tun babu wata dabba ko bishiya a doron ƙasa. Kuma idan aka ƙirga, kwezar sun fi yawa a nesa, wato a da, wajen shekara biliyan 10 baya. Kusa da mu sun yi ƙaranci, domin abincinsu ya ragu. Ramukan suna nan, sun yi shiru ne. Na tsakiyar garkenmu, ɓangaren da Jansky ya jiyo sautinsa, nauyin rana miliyan 4 ne, yana kwance lafiya. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke hana masana barci shi ne wani kwezar da aka sanar a 2021, wanda haskensa ya taso lokacin da sararin samaniya ke da shekara miliyan 670 kacal daga cikin biliyan 13.8, amma raminsa ya riga ya kai nauyin rana biliyan 1.6. Yaushe aka haife shi har ya ci ya yi wannan ƙiba? Ana nan ana nema, kuma har da nahiyarmu a masu sauraren sama: faranti 64 na MeerKAT a Afirka ta Kudu, da na Kuntunse kusa da Akara mai mita 32. Shugaban taro yana nuna mini agogo. Malama, ki same ni bayan salla in zana miki lissafin a takarda.