Makafin da suka riƙe mana waƙoƙin Shehu

Ranar Juma'a, kafin liman ya hau mumbari, ku ɗan tsaya a bakin Masallacin Shehu a nan Sakkwato ku kasa kunne. Ga dattawa a jere, sanduna a jingine, ƙoƙo a gaba, ɗan jagora ya rakuɓe a gefe. Ɗaya ya ɗauko baiti, sauran su karɓa masa. Mu kuwa in da canji mu jefa, in babu mu ce "Allah ya ba mu, mu samu," mu wuce. Bara muke kiran abin. To amma ku saurari abin da ke fita daga bakinsu: wa'azi ne ko begen Manzon Allah (SAW), da ƙafiyarsa da karinsa, baiti na bin baiti, kuma babu takarda a hannun kowa.

Ina suka samo shi? Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, da ƙanensa Abdullahi, da 'yarsa Nana Asma'u, sun yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa don su karantar da talakawa. Tabban Haƙiƙa ma da Fulatanci Shehu ya yi ta, Nana ce ta mayar da ita Hausa. Amma a lokacin da hannu ake kwafar littafi, takarda kuma tana da tsada, don haka waƙa ba ta isa kunnen talaka sai da murya. Malamai mata da ake kira jaji, jagororin 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata ta Nana Asma'u, su suka kai wa mata a ƙauyuka. Makafi kuma suka ɗauki irin waɗannan waƙoƙi a ka, suka bi da su kasuwa-kasuwa, zaure-zaure. Da yawa daga cikinmu a ƙofar gida muka fara jin su, tun ba mu san harafin ajami ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, kuma ladanin Annabi ne a Madina. Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1194, shi ma ba ya gani, amma ya tsara ilimin ƙira'a cikin baiti 1,173, kuma har gobe mahaddata na haddace su. A ƙasar Hausa akwai Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙoƙin Infiraji. Tun yana ƙarami ya rasa ganinsa, ya rasu a 1990, bayan Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Masarautunmu sun san da zaman waɗannan bayin Allah, shi ya sa ake naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare. Sarautar ta ba su murya a fada. Sai dai mu faɗi gaskiya, ba ta fitar da su daga bara ba. Mun ji daɗin waƙar, muka biya ta da sadaka.

Da boko ya zo, waƙa ta koma cikin bugaggen littafi, sai wanda ya riƙe ta a ka ya zama shi ne a waje. Wani makaho Bafaranshe, Luwi Birel, ya buga tsarin rubutun da ake shafawa da yatsa tun 1829, amma sai a 1953 aka buɗe makarantar makafi ta farko a Najeriya, a Gindiri. Yau muna da makarantar masu buƙata ta musamman ta Abdurrashid Adisa Raji a nan cikin gari. Kurame kuwa ba su jira kowa ba, suna da maganar hannu tasu, da hirarsu da barkwancinsu.

A Amurka an kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kurame ta ƙasa a 1967, a Ingila kuma aka kafa ta naƙasassu mai suna Graeae a 1980. Abin da suka nema shi ne a kalli aikinsu, a yaba ko a kushe, a biya su kuɗinsa. Daga baya doka ta biyo. Sashe na 30 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu ya ce masu buƙata ta musamman suna da haƙƙin shiga ɗakin karatu da gidan tarihi da wurin wasa, su kuma nuna tasu fasahar. Najeriya ta amince da ita a 2010. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara ƙofofinsu. Wa'adin ya cika a 2024.

Na taɓa zuwa wani taro kan waƙoƙin masu jihadi. A bene aka yi shi, matakala zalla, babu mai fassara da hannu. Mai gabatar da takarda ya karanto baiti biyu daga littafi, aka tafa. Da muka sauko, a bakin ƙofa wani dattijo makaho yana rera waƙar wa'azi, ɗan jagoransa na riƙe da ƙoƙo. Na tsaya ina jira ya kai ƙarshe, har aka kira la'asar bai kai ba.