Ciwon Ƙugu da Gaɓoɓi a Masana'antu: A Fara Duba Wurin Aikin

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, manajoji, 'yan'uwana ma'aikata maza da mata, barkanmu da warhaka.

Idan inji ya datse wa mutum yatsa, kowa zai gani. Jini zai zuba, a tsayar da aiki, a rubuta rahoto. Raunin da ya tara mu yau kuwa ba ya zubar da jini. Sannu a hankali yake shiga, a ƙugu, a kafaɗa, a wuyan hannu, har ranar da magidanci zai sunkuya ya ɗauki kwali ya kasa miƙewa. Daga nan sai ka ji ana cewa shekaru ne, wasu ma su ce lalaci ne. Ni dai roƙona, kafin a yanke masa hukunci a je a tsaya inda yake tsayawa.

Maganar ta daɗe. Tun a 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya yi rubutu kan cututtukan masu sana'a, ya ce likita ya riƙa tambayar majinyaci aikin da yake yi. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.71 ne ke fama da ciwon tsoka, ƙashi da gaɓoɓi, kuma ciwon ƙugu ne kan gaba wajen nakasa mutane a ƙasashe 160.

Mu tsaya kan ɗaukar kaya, don nan aka fi samun ɓarna. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sabunta lissafinta a 1991, ta tsayar da kilo 23 a matsayin mafi yawan abin da ya kamata a ɗaga da hannu biyu. Amma ku saurari sharuɗɗan. Kayan su kasance dab da jiki, kamar santimita 25. Su kasance a tsayin santimita 75 daga ƙasa. Ba murɗa ƙugu, akwai mariƙi mai kyau, kuma jefi-jefi ake ɗagawa. Tsakani da Allah, wa ke aiki a irin wannan hali? Nisan nan kaɗai idan ya ninka ya koma santimita 50, to adadin ya ragu da rabi. Ku gwada da bokitin ruwa: ku rungume shi, sannan ku miƙa hannu da shi. Ruwan bai ƙaru ba, amma bayanku zai ba ku labari. Haka ƙashin baya ke sha duk lokacin da ma'aikaci ya miƙa jiki ya jawo kwalin da ke can ƙarshen katakon da ake jera kaya a kai.

Shi ya sa nake jin takaici idan kamfani ya tara ma'aikata, aka koya musu "durƙusa da gwiwa, kada ka lanƙwasa baya", aka raba bel na ɗaure ƙugu, shi ke nan an gama. Cibiyar nan da na ambata ta duba hujjoji a 1994, ba ta ga abin da ya tabbatar bel ɗin na hana rauni ba. Horo yana da amfani, ban musa ba. Amma wanda zai sunkuya har ƙasa tun safe har yamma, ko ya haddace darasin, ƙugunsa ne zai biya. A ɗaga kayan daga ƙasa. A sa tebur mai hawa da sauka, ko mai juyawa, kayan su zo wurin mutum. A rage girman buhu. Abin da baro ko na'ura za su ɗauka, kada a ɗora wa ɗan Adam.

Tsayin tebur kuma da gwiwar hannu ake auna shi. Aikin da ke son ido da nutsuwa, tebur ya ɗan ɗara gwiwar hannu. Aikin ƙarfi, ya yi ƙasa da ita. Dogo da gajere ba za su yi aiki a tebur ɗaya su kwashe lafiya ba.

'Yan'uwana mata masu haɗa kaya da masu ɗinki, ku lura da hannu. Idan babban yatsa da manuni da na tsakiya suna mutuwa, musamman cikin dare, har sai kun yarfa hannu, wata jijiya ce ke matsuwa a wuyan hannu. Kada ku rufe ta da maganin kashe zafi ku ci gaba. Masu riƙe injin da ke karkarwa ma haka: yatsun da ke yin fari idan an yi sanyi alama ce ta rauni.

Manajoji, ku gafarce ni. Musayar aiki tana taimakawa ne idan gaɓar da ta gaji ta huta. Ɗauke mutum daga ɗaga kwali zuwa ɗaga buhu ba hutu ba ne. Gudun bel ɗin inji mai jigilar kaya da biyan kuɗi bisa yawan abin da aka yi su ke sa mutum ya ƙi tsayawa ko minti ɗaya. Kuma muddin faɗin "bayana na ciwo" zai iya jawo sallama, ba wanda zai faɗa sai ya kwanta. Ku buɗe hanyar kai ƙorafi da wuri ba tare da tsoro ba, kuma kafin ku sayo sabon tebur ko inji, ku kira wanda zai wuni a kansa ya gwada.

Nan zan dakata, a kawo tambayoyi.